Kafin Ku Biya Kuɗin Makaranta: Yadda Ake Gane Ingancin Karatun Lafiya a Jami'a

Duk shekara idan sakamakon JAMB ya fito, ƙofar fannin lafiya ce ta fi kowace cunkoso. Likitanci, aikin jinya, harhaɗa magunguna, gwaje-gwajen asibiti, duk masu nemansu sun ninka guraben da ake da su nesa ba kusa ba. Wanda bai samu a jami'ar gwamnati ba, iyayensa sai su koma duba ta kuɗi, ko su leƙa ƙetare: Masar, Indiya, Uganda, Sudan kafin yaƙi, ko nan maƙwabta Nijar da Benin. Akan sayar da fili ko gona a kan wannan buri. Amma abin da aka fi tambaya kafin a biya shi ne nawa ne kuɗin, sai kuma ko ɗakin kwanan ɗalibai yana da kyau. Tambayoyi biyun da suka fi waɗannan nauyi sukan zo a makare, wani lokaci sai yaro ya shafe shekara biyar yana karatu. Ta farko: in ya gama, za a ba shi lasisin aiki? Ta biyu: in an ba shi, ya iya aikin? Amsar ta farko tana cikin takardun hukuma, kowa zai iya bincikawa daga wayarsa. Amsar ta biyu sai an taka har asibitin da ake koyarwa.

Hukuma biyu ce, ba ɗaya ba

A Najeriya, kowane kwas na digiri yana ƙarƙashin Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC. An kafa ta a 1962 a matsayin mai ba gwamnati shawara, ta samu ƙarfin doka a 1974, ta kuma fara zagayen tantance kwasa-kwasai a 1990. Yadda take yi shi ne ta haɗa tawagar manyan malamai daga wasu jami'o'i, su je su yi 'yan kwanaki suna duba manhaja, yawan malamai da matakinsu, azuzuwa da ɗakunan gwaji, laburare, kuɗin da ake kashe wa sashen, har da abin da masu ɗaukar aiki ke faɗi game da ɗaliban da aka yaye. Sai a ba da maki. Kwas ɗin da ya samu kashi 70 cikin ɗari zuwa sama, kuma bai gaza a manyan ɓangarorin ba, yana samun cikakkiyar amincewa ta shekara 5. Wanda ya tsaya tsakanin 60 da 69 yana samun amincewar wucin gadi ta shekara 2, ya gyara kafin a dawo. Wanda ya faɗi ƙasa da 60 an hana shi, kuma dole ya daina ɗaukar sababbin ɗalibai har sai ya gyara.

Abin da ke ruɗa mutane a nan shi ne, amincewar kwas ake ba wa, ba jami'a ɗungurungum ba. Jami'a tana iya zama halastacciya, lasisinta a rataye a ofishin shugaba, amma kwas ɗin jinyar da ta buɗe bara bai samu komai ba tukuna. Haka kuma izinin fara kwas daban, amincewa daban. Izinin farawa ana ba da shi ne bayan an zo an ga akwai abin da za a soma da shi. Tantancewa ta gaske sai kwas ɗin ya yi 'yan shekaru yana gudana. Don haka idan aka ce muku "NUC ta amince da mu", ku tambaya: da wane kwas, wace irin amincewa, kuma a wace shekara?

Ko da wannan ta cika, rabin magana ce. NUC digiri take halastawa, ba ta ba da lasisin taɓa maras lafiya. Wannan aikin hukumomin sana'a ne, kuma kowace sana'a da tata. Likitoci da likitocin haƙori suna ƙarƙashin MDCN, wadda tushenta ya faro daga dokar 1963. Ma'aikatan jinya da ungozomomi suna ƙarƙashin NMCN, masu harhaɗa magunguna PCN, masana gwaje-gwajen asibiti MLSCN, masu ɗaukar hoton asibiti RRBN, masu gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi MRTB. Kowacce tana zuwa da tata tawagar, ta yi nata binciken, kuma ita ce ke rantsar da ɗalibi ta sa sunansa a rajista bayan ya gama. Ɗalibin da jami'arsa ta samu amincewar NUC amma ba ta samu ta hukumar sana'a ba, zai fito da kwalin digiri a hannu, amma doka ba ta yarda ya duba ko mutum ɗaya ba.

A karatun likita, MDCN ba sau ɗaya take zuwa ba. Takan duba matakin farko, inda ake koyon tsarin jikin ɗan'adam da yadda gaɓoɓi ke aiki, sannan ta sake zuwa ta duba matakin asibiti. Sabuwar makaranta tana iya tsallake na farko ta maƙale a na biyu. An sha ganin ɗalibai sun gama aji uku sun zauna jiran asibitin koyarwar da bai kammala ba, ko a kwashe su a kai wata jami'a su ƙarasa. Duk mai shirin shiga makarantar da ba ta taɓa yaye ko rukuni ɗaya ba, ya san cewa kasada ya ɗauka, ya kuma tambayi inda aka tsaya a kan amincewar matakin asibiti tun kafin ya ajiye ko sisi.

Maganar adadi

Akwai wani abu da ya fi rashin amincewa yi wa ɗalibai illa, domin ba a ganinsa sai ya riga ya auku. Hukumar sana'a ba ta tsayawa ga cewa ta yarda. Takan ƙayyade wa kowace makaranta yawan ɗaliban da za ta ɗauka a shekara. Ana lissafa wannan adadi ne daga yawan gadajen asibiti, yawan ƙwararrun likitoci masu koyarwa, girman ɗakunan gwaji da sauran kayan aiki. Sannan akwai rajistar farko da makaranta ke yi wa ɗalibanta a wajen hukumar tun suna ƙananan azuzuwa, kowa ya samu lambarsa. Makarantar da aka ba gurbi 50 ta ɗauki 150 ba ta da inda za ta samo wa ragowar 100 ɗin lamba. Za su biya kuɗi daidai da kowa, su ci jarabawa daidai da kowa, ranar rantsarwa a ce su jira.

Wannan ba labarin ƙanzon kurege ba ne. A 2025 rikici ya fito fili a tsangayar likitan haƙori ta Jami'ar Kalaba. Adadin da MDCN ta ƙayyade mata a lokacin ɗalibi 10 ne a shekara, amma an daɗe ana ɗaukar ninkin-ba-ninkin hakan. Waɗanda suka kammala suka kasa samun rantsarwa, aka shiga maganar rarraba na baya zuwa wasu jami'o'i, bayan wasunsu sun ba da shekaru masu yawa na ƙuruciyarsu. Kuma tsohuwar jami'ar tarayya ce, ba wata rumfar bayan gari ba. Suna da daɗewa ba sa tsare kowa daga wannan matsala.

Gwamnatin tarayya ta faɗaɗa adadin a 'yan shekarun nan. A 2024 ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya sanar da cewa guraben makarantun likitanci, jinya, harhaɗa magunguna da sauran fannonin lafiya sun tashi daga 28,000 zuwa 64,000 a shekara. An kuma buɗe jami'o'in kiwon lafiya zalla, irin ta Azare a jihar Bauchi da aka kafa a 2021. Ina goyon bayan ƙarin, domin duk wanda ya taɓa kwana a babban asibitin wata ƙaramar hukuma a arewa ya san irin ƙarancin ma'aikatan da ake ciki. Sai dai ƙarin ya zo ne a daidai lokacin da ƙwararrun da za su koyar ke ficewa zuwa Ingila, Saudiyya da Kanada. Gurbi a takarda ana ninka shi da sa hannu ɗaya, amma ƙwararren likitan tiyata sai ya shafe shekara goma sha wani abu daga ranar da ya shiga jami'a kafin ya kai matsayin koyar da wani. Idan ɗalibai suka ninku malamai suka ragu, makaranta tana iya zama cikin ƙa'ida ta fuskar adadi, amma karatun ya yi ruwa.

Ba duk kwas na lafiya ke kaiwa ga duba maras lafiya ba

Yara da yawa da ba su samu likitanci ba akan tura su kwas ɗin tsarin jiki, ko na aikin gaɓoɓi, ko na ƙananan halittu, ko lafiyar al'umma, ko ilimin kiwon lafiya da ake yi a tsangayar ilimi. Wani lokaci da alƙawarin baka cewa za a mayar da su likitanci in sun yi ƙoƙari. Ku sani cewa waɗannan digirori ba sa ba mutum izinin rubuta magani, ko yin allura, ko buɗe asibiti. Kuma sauya sheƙa zuwa likitanci yana cin karo da adadin nan da muka yi magana, don haka kaɗan ne ke samu.

Wannan bai rage musu daraja ba, sai dai ma'aunin ingancinsu daban ne. Ɗauki ilimin kiwon lafiya, wanda aikinsa shi ne koyar da jama'a yadda za su kare kansu. Mu a arewa mun ga abin da ke faruwa idan wannan aiki ya gaza. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohi saboda zargin da ya bazu a kan maganin, ba a dawo da shi a Kano ba sai tsakiyar 2004, kuma a wannan tsakani cutar ta bazu har ta tsallaka wasu ƙasashe. Abin da ya juya lamarin daga baya ba sabon magani kaɗai ba ne. Shigowar sarakuna da malamai ne, da matan unguwa da suka riƙa bin gida-gida suna zama da iyaye mata suna amsa tambayoyinsu, har aka kai ga ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji a 2020. To, kwas ɗin ilimin kiwon lafiya mai inganci shi ne wanda ɗalibinsa zai iya wannan zama. Ku tambaya wata nawa suke yi a cikin unguwanni da ƙauyuka da makarantun firamare, ko suna tsara shirin wayar da kai da kansu su gudanar, ko ana koya musu komawa bayan wata uku su auna in an samu canji, misali yawan matan da suka fara zuwa awo ko yaran da aka kai rigakafi. In duk shekara huɗun a aji aka yi su ana haddace ma'anoni, an yaye mai kwali ne kawai.

Abin da takardar amincewa ba ta nunawa

An daɗe ana kokawa a jami'o'in Najeriya cewa wasu sassa kan yi aron malamai da kayan aiki idan tawagar tantancewa za ta zo. A shafa fenti, a ɗauko na'urori daga wani wuri, a jera sunayen farfesoshin da ba su taɓa shiga ajin ba, tawaga na juya baya komai ya koma inda ya fito. Hukumomi sun san da wannan kuma suna gargaɗi a kai, amma ziyarar kwana uku ba za ta taɓa ganin abin da ɗalibi ke gani shekara shida ba.

Dabarar ma tsohuwa ce. A 1910 wani malami mai suna Abraham Flexner ya fitar da rahoto bayan ya zagaya makarantun likitanci 155 a Amurka da Kanada. Ya ba da labari daga baya cewa a wata makaranta an zagaya da shi cikin gaggawa, aka wuce da shi ƙofofi a kulle masu ɗauke da sunayen ɗakunan gwaji. Bayan shugaban makarantar ya tafi sai ya dawo ya sa mai gadi ya buɗe masa, ya tarar babu komai ciki sai tebur da allo da kujeru. Rahotonsa ya taimaka wajen rufe makarantu da yawa, ya kuma kafa tsarin da har yau ake bi: kimiyya a ɗakin gwaji tukuna, sannan koyo a gefen gadon maras lafiya. Amma gyaran ya zo da asara. Cikin makarantu 7 da ke horar da baƙaƙen fata, 2 ne kawai suka tsira, kuma al'ummarsu ta daɗe tana ɗanɗana ƙarancin likitoci. Shi ya sa nake ganin a yankin da likita ya yi ƙaranci irin namu, makarantar da ta gaza a matsa mata ta gyara, a kuma taimaka mata da kuɗi da malamai. Rufewa ta zama matakin ƙarshe.

Yanzu mu zo ga asibiti, domin nan ne zuciyar maganar. Ɗalibin lafiya daga maras lafiya yake koyo, kamar yadda ba a zama tela da kallon keken ɗinki. Abin dubawa na farko shi ne ko makarantar tana da asibitin koyarwa nata, ko yarjejeniya ta yi da asibitin gwamnati. Yarjejeniya ba aibu ba ce, amma ku tambaya makarantu nawa ne ke tura ɗalibansu wannan asibitin. Akwai ɗakin haihuwar da za ka tarar da ɗaliban jami'a biyu da na makarantar ungozoma da na kwalejin kiwon lafiya duk sun kewaye mace ɗaya mai naƙuda. Na baya ba ya ganin komai, ita kuma an keta mata mutunci. Akasin haka ma yana faruwa: asibiti sabo fil, na'urori na zamani, amma tsadarsa ta kori talaka, gadaje fayau babu kowa. Ɗalibin da ya yi karatu a irin wannan wuri zai iya gamawa bai taɓa ganin mai jijjigar haihuwa da idonsa ba. A nan ne tsofaffin asibitoci irin na Shika a Zariya, na Malam Aminu Kano, na Sakkwato, Maiduguri da Jos suke da fifikon da kuɗi ba ya saye da wuri. Duk da cunkoso da ƙarancin kayan aiki, marasa lafiya iri-iri suna kwarara, kuma akwai manyan likitoci da masu neman ƙwarewa a ƙarƙashinsu, waɗanda galibi su ne ke koya wa ɗalibi sa allurar ƙarin ruwa da tsakar dare.

Wani masanin koyar da likitanci ɗan Amurka, George Miller, ya kasa iyawa gida huɗu a 1990. Akwai sanin abu, akwai sanin yadda ake amfani da shi, akwai nunawa a gaban mai jarabawa, sannan akwai aikatawa a kan maras lafiya na gaske ranar da babu mai kallo. Jarabawar takarda matakai biyun farko kawai take aunawa. Don a kai ga na uku ne aka ƙirƙiro wata irin jarabawa a Jami'ar Dundee ta Scotland, wadda Ronald Harden da abokan aikinsa suka bayyana a 1975, ake kiranta OSCE. Ana jera tashoshi, ɗalibi ya yi 'yan mintuna a kowace: a nan ya ɗauki tarihin ciwo, a can ya auna hawan jini, a gaba ya karanta hoton ƙirji, a wata ya yi wa uwa bayanin yadda za ta haɗa ruwan gishiri da sukari. Kowa tashoshi iri ɗaya yake bi, da ma'auni iri ɗaya, don haka son rai na malami yana raguwa. Makarantu da yawa a Najeriya suna amfani da ita yanzu. Mataki na huɗu kuwa littafin aiki ne ke nuna shi, inda ake rubuta haihuwa nawa ɗalibi ya karɓa, ɗinki nawa ya yi, jini nawa ya ɗiba, wani babba ya sa hannu. Ku tambayi ɗan ajin ƙarshe a keɓe: ana sa hannun ne bayan an ga aikin, ko ana tara littattafan ne a sa musu hannu gaba ɗaya ana jibi jarabawa? Amsarsa ta fi duk wata ƙasidar talla gaya muku gaskiya.

Sakamakon jarabawa ma yana magana, amma sai an iya karanta shi. Ma'aikatan jinya suna zana jarabawar hukumarsu iri ɗaya a duk ƙasa, saboda haka ana iya gwada wannan makaranta da waccan. Likitocin da aka horar a cikin gida ba su da jarabawar ƙasa guda ɗaya. Kowace jami'a tana shirya tata, tana gayyato masu jarabawa daga wasu jami'o'i su sa ido. A tsarin da aka sani, makin ci 50 ne, kuma wanda ya faɗi ɓangaren asibiti ya faɗi ko da ya cinye na takarda. Makarantar da kowa ke ci kowace shekara ba tare da ko mai maimaitawa ɗaya ba abar tuhuma ce, musamman in kuɗinta na da yawa. Wadda kuma take ɗibar ɗaruruwa a aji ɗaya ta zubar da mafi yawansu a aji biyu, ba tsananin inganci ba ne. Sau da yawa hanya ce ta komawa cikin adadin da ta riga ta ƙetare, bayan ta karɓi kuɗin yaran mutane.

Sai kuma tambayar da na fi damuwa da ita: wa ake horar da ɗalibin ya yi wa aiki? Sabuwar manhajar da NUC ta ƙaddamar a Disambar 2022 ta tsara kashi 70 cikin ɗari na abin da za a koyar, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cika da abin da ya dace da yankinta. Jami'ar da ke arewa tana da abin cikawa har ya yi yawa. Akwai sikila, akwai sanƙarau da ke zuwa da zafin bazara, akwai tamowa, akwai yoyon fitsari da ake jinyarsa a Babbar Ruga ta Katsina, akwai cutar noma mai zaizaye fuskar yara da ke da asibitinta a Sakkwato, akwai saran maciji a Kaltungo, akwai gubar dalma da ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, akwai mashaƙo da ya addabi Kano a 2023. Makarantu masu hangen nesa sun daɗe suna fitar da ɗalibai daga babban asibiti zuwa karkara. Jami'ar Ilorin ta yi suna da wannan tsari tun farkon makarantar likitancinta, haka ma Jami'ar Jazira a Sudan. Ɗaliban Zariya suna zuwa Yakawada, na Kano suna zuwa Kumbotso. A irin waɗannan wurare ne ɗalibi ke koyon aiki ba tare da na'urar sikanin a bayansa ba, ya kuma koyi jin abin da tsohuwa ke nufi idan ta ce jikinta ne ke mata yawo.

Ɗabi'a ma ana koyonta, kuma ba a aji ba. Ɗalibar da ta shekara uku tana ganin manyanta suna yi wa mai naƙuda tsawa, ita ma haka za ta fito, ko da ta samu maki mafi girma a darasin ladubban aiki. Gani ya kori ji: ku je asibitin da safiyar ranar aiki, ku zauna a layin ganin likita na awa ɗaya, ku saurari yadda ake yi wa mutane magana, ku lura ko akwai babban likita yana zagaye da ɗalibai yana tambayarsu, ko suna jingine ne a baranda suna jiran wanda bai zo ba.

Masu tafiya ƙetare

Wanda ya karanta likitanci a waje dole ne ya zana jarabawar tantancewa ta MDCN kafin a ba shi lasisin wucin gadi, sannan ya yi shekarar horon asibiti kamar kowa, wata uku-uku a sashen manya, tiyata, yara, da mata da haihuwa. Ma'aikatan jinya da masu harhaɗa magunguna su ma suna da horon daidaitawa da jarabawar hukumominsu. Da yawa suna faɗuwa, kuma galibi ba don rashin ƙwaƙwalwa ba. A wasu ƙasashe ɗalibi baƙo ba ya jin harshen marasa lafiya, ko kuma ba a barinsa ya taɓa su, sai ya gama shekara shida yana kallo daga nesa. Tambaya mafi sauƙi ita ce: shin ƙasar da makarantar take tana ba wa waɗanda suka gama wannan kwas lasisin aiki a asibitocinta? In 'yan ƙasa ba sa shiga shirin, baƙi kawai aka buɗe wa, ku yi hattara. Akwai kundin makarantun likitanci na duniya da ke intanet, wanda dillalai ke yawan nunawa a matsayin hujja, alhali shiga cikinsa shaida ce kawai ta cewa makarantar tana nan, ba shaidar inganci ba.

Abubuwa uku sun isa darasi. A 2022, bayan yaƙi ya ɓarke a Ukraine, MDCN ta bayyana cewa ba za ta karɓi digirin likitancin da aka ƙarasa ta intanet ba. A Afrilun 2023 yaƙin Sudan ya dawo da ɗalibanmu gida, da yawansu 'yan Kano da Jigawa da maƙwabtansu masu karatun lafiya, kuma samar musu gurbi a jami'o'in gida ya yi wuya saboda adadi da kuma takardun sakamako da suka maƙale a can. A ƙarshen 2023 kuma ɗan jaridar Daily Nigerian Umar Audu ya fallasa yadda ya samu digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako 6, abin da ya sa gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirorin Benin da Togo a Janairun 2024, har masu karatun gaskiya suka shiga cikin wahalar. A Nijar da sauran ƙasashe masu amfani da Faransanci, baya ga amincewar gwamnatin ƙasar, akwai majalisar CAMES mai hedikwata a Wagadugu da ke tantance digirori. Ku bincika ko kwas ɗin yana cikin jerin da ta amince da su, sannan ku tambayi hukumar sana'ar a gida ko tana karɓar ɗaliban makarantar.

Binciken cikin gida bai kai wannan wahala ba. NUC da hukumomin sana'a suna wallafa jerin makarantun da suka amince da su, kuma na MDCN yana nuna adadin kowace makaranta; ku gwada shi da yawan ɗaliban da ke aji biyu a zahiri. Ku tabbata gurbin ya fito ta tsarin CAPS na JAMB, domin gurbin da aka bayar ta bayan fage yakan hana ɗalibi zuwa hidimar ƙasa. Ku tambaya yaushe aka yi rantsarwa ta ƙarshe, mutum nawa suka gama, mutum nawa aka rantsar. Ku kuma tambaya shekara nawa rukunin ƙarshe ya ɗauka kafin ya fita, tunda yajin aikin ASUU na wata 8 a 2022 ya bar wasu makarantu da rukuni biyu a aji ɗaya, su ma asibiti ɗaya suke rabawa.

Wanda ya riga ya shiga sannan ya gano kwas ɗinsa ba shi da amincewar hukumar sana'a, ko kuma ba a yi masa rajistar farko ba, kada ya tsaya a kan "ana nan ana ƙoƙari". Shi da iyayensa su nemi bayani a rubuce daga shugaban tsangaya, su kuma rubuta wa hukumar kai tsaye su ji matsayin makarantar. In za a sauya makaranta, a yi tun kafin a shiga matakin asibiti, domin wadda za ta karɓe shi ita ma cikin nata adadin za ta sa shi, kuma guraben manyan azuzuwa sun fi na ƙasa wuyar samu.